Ranar Da Na Cire Wa Injin Matsar Mai Gadonsa

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa a kai, har sunayen wasu ƙawayen ƙuruciyata sai na yi ta lalube kafin in kamo. Amma abin da na aikata a wurin cinikin injin matsar man gyaɗarmu yana nan daram, kuma na san da shi za a kai ni kushewa. Yanzu in na tuna dariya nake yi, sai dai dariyar takan ɗauke in na zo wani wuri a labarin.

Ni mutuniyar Tsafe ce, kuma ni ce 'yar fari a ɗakin mahaifiyata, wadda kowa a unguwa ke kira Inna. Tun ina budurwa aka san ni da abu guda, wato iya ciniki. Ba yabon kai ba ne. In za a yi wa yarinya kayan ɗaki, ni ake zuwa a ɗauka a tafi da ni kasuwar Gusau. Na san inda ake sayen gado, na san inda katifa ta fi sauƙi, na san mai kwanukan da in ka yi kamar za ka tafi zai biyo ka har bakin titi. Masu shaguna in sun hango ni sai su fara gyara zama. Ban taɓa dawowa daga kasuwa ba tare da an rage mini wani abu ba, kuma in na dawo sai na ba da labarin yadda aka yi, da muryar mai kaya da tawa, mata suna ta dariya. Wannan labarin bayan ciniki ya fi mini cinikin kansa daɗi, ko da yake a lokacin ban san haka ba.

Inna kuwa sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun kafin a haife ni. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wahalarsa ba. A soya gyaɗa, a murje ɓawo, a fece, a kai niƙa, sannan a dawo a zuba kwaɓin a turmi a yi ta juyawa da muciya ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har mai ya taso sama tunkuza ta kwanta a ƙasa. Juyin nan shi ne ke cin mutum. Shi ya cinye kafaɗar Inna ta dama. Da ciwon ya yi tsanani muka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce magani zai taimaka, amma babban maganin shi ne ta ajiye muciya gaba ɗaya. Muna fitowa ta ce mini, "Shi likita wa ka kai mai man miya? In na aje muciya, masu ƙosan bakin tasha su soya da mi?"

Ba ita kaɗai ba ce a sana'ar. Akwai matan unguwa da suke yi tare, kuma sun daɗe suna zuba adashi da niyyar wata rana su sayi inji. Ciwon Inna ne ya sa aka ce ranar ta zo. Da aka zo maganar wanda zai je sayayya ba a ma yi shawara ba, duk ido ya juyo kaina. Na gyara ɗaurin zane na ce su bar mini.

Sai da na yi kwana biyu ina zaga Gusau ina tambayar farashi. Injin dizal a wani shago, na'urar niƙa a wani, randar juya tunkuza kuma a wurin wasu maƙera can wani gefen gari. Kowa nasa kawai ya sani. In na tambayi mai inji ko zai ja na'urar wancan, sai ya ce in sha Allahu. In na tambayi wa zai haɗa mini, sai a ce in nemi bakanike. Kowane kaya da motar da za ta ɗauke shi, kowane mai kaya kuma da zarar ka bar ƙofar shagonsa ya gama da kai.

A rana ta biyu da yamma wani mai sayar da bel ya kwatanta mini wurin wani injiniya da ke haɗa su gaba ɗaya. Dattijo ne mai furfura a gemu, iyayensa daga kudu suka zo amma a Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya shiga da ni cikin rumfar aikinsa ya nuna mini abin. Inji, na'urar niƙa da randar juyi, duk suna zaune a kan gadon ƙarfe guda, an ɗaure su da notuna, bel ya bi ta kan faifansu ya haɗa su. Ya sa aka kawo soyayyar gyaɗa ya tayar da injin a gabana. Kafin in gama gyara mayafina kwaɓi ya fito, ya juye a randa, ya ɗiga ruwan zafi, sai ga mai yana tasowa. Aikin da ke cinye wa Inna wuni guda. Na ji ƙwalla ta taru mini, amma na maze, don mai ciniki ba ya nuna kaya sun shiga ransa.

Ya faɗi kuɗi, ya ce a ciki akwai kai kaya har Tsafe, da kafawa, da koya wa mata biyu yadda ake tayarwa da kashewa, da garantin shekara guda. Komai ya lalace, shi za a kira, ba wani ba. Zan faɗi gaskiya a nan, tun da yanzu babu abin ɓoyewa. Na riga na san farashin kayan ɗaiɗai, kuma da na haɗa da kuɗin motoci uku da na bakanike, nasa ya fi sauƙi. Na tambaye shi yadda aka yi haka, ya ce shi injuna da yawa yake sarowa lokaci guda daga hannu ɗaya, kuma tun da iri ɗaya yake haɗawa kullum, ba ya ɓarnar ƙarfe ko lokaci. Magana ce mai ma'ana. Da mai hankali aka aika, da a nan aka gama.

Amma ni aka aika. Na taya da rabi, kamar yadda na saba. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wanga ba atamfa ba ta. Kuɗin da na hwaɗa maki su na kuɗinai." Na ƙara kaɗan, ya girgiza kai. Na kawo maganar cewa mata ne marasa ƙarfi, ya ce ya sani, shi ya sa bai ɗora komai a kai ba. Na tashi na yi kamar zan tafi, har na kai bakin titi ina jiran in ji an kira ni. Da na waiga sai na ga mutumin ya koma ya duƙa a kan aikinsa. Ban taɓa jin haushin mutum mai gaskiya irin na ranar ba.

Na dawo na tsaya ina kallon injin, ina tunanin abin da zan faɗa wa mata. In ce na je na biya abin da aka ce in biya, kamar baƙuwa? Sai idona ya faɗa kan gadon ƙarfen. Ƙarfuna ne kawai aka yanka aka liƙa, aka huda ramuka. Ga shi mijin ƙanwata mai walda ne a Bungudu, yana yin ƙofofi da tagogi da gadajen kwana, kuma a gidanmu an saba in aiki ya faɗo a fara tuna na gida. Nan take na ga na samu mafita biyu a wuri guda, ragi da zumunci.

Na ce, "Injiniya, cire min kuɗin gadon ga. Muna da mai yi a gida."

Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ni da kyau. Ya ce, "Hajiya, ki cire komi amma ban da shi. Ba ƙarhen nika saida maki ba, awon da ke cikinai nika saida maki."

Na ce ai mai waldar ma ya san awo. Ya ce bai musa ba, amma in ba shi ya zaunar da injin a kan gadonsa ba, ba zai iya tsaya mini a kan abin da bai haɗa da hannunsa ba, garanti ya tashi ke nan. Na ce Allah shi ne garanti. Na faɗi haka har ina jin daɗin bakina. Sai ya ce to, ya cire wani abu daga kuɗin. Yana kwance notunan ina ganin fuskarsa kamar ta mai rushe ɗakin da ya gama ginawa jiya.

Saura awo. Girman kai bai bar ni na ce ya rubuta mini ba, bayan duk abin da na gama faɗa. Da wayarsa ta yi ƙara ya fita amsawa, sai na yage gefen wani tsohon ɗankwali da ke jakata, na shimfiɗa ƙyallen a kan gadon, duk inda rami yake in ƙulla ƙulli. Haka muke auna taga in za a ɗinka labule, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Na tura ƙyallen a jaka kafin ya dawo, ina jin kaina wata gwana.

A Tsafe an sha labari. Na kwaikwayi muryar Injiniya, na nuna yadda na juya masa baya, na ce ƙarshe dai sai da ya sauko. Ban faɗi maganar garanti ba. Mata suka yi ta sa mini albarka, wata ta ce ai da ma sun san wadda suka tura. Inna ce kaɗai ta tambaya me ya sa kayan suka zo a warwatse, na ce gado na tafe daga wurin surukinta, sai ta yi murna an tuna da shi.

Washegari na wuce Bungudu. Mijin ƙanwata mutum ne mai kunya, ba ya iya haɗa ido da ni. Na miƙa masa ƙyallen da hoton da na ɗauka a waya. Ya juya shi a hannu ya ce, "Yaya, ba su ba ki takardar awo ba?" Na ce wannan ya fi takarda. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai ƙara magana, amma yayar matarsa ce a gabansa, sai ya haɗiye. Ya ɗora ƙyallen a kan ƙarfe ya ja shi ya miƙe sosai don aiki ya fita daidai, ya bi ƙulle-ƙullen da alli. Ni ban tuna yadda na ja nawa a Gusau ba, ban ma san akwai bambanci ba. Bayan kwana huɗu gado ya iso Tsafe a bayan a-kori-kura, an shafe shi da shuɗin fenti, ya fi na Injiniya kyau nesa ba kusa ba. Motar ma ta ƙofar rumfar Injiniya ta bi da shi, don daga Bungudu zuwa Tsafe dole sai ta Gusau.

Muka kira wani bakanike daga tasha ya haɗa. Tun a nan alamu suka fara. Rami biyu suka shiga, biyu suka ƙi. Ya faɗaɗa su, ya cusa guntayen ƙarfe a ƙarƙashi, ya ɗaure da ƙarfin tsiya, ya ce ai haka sabon abu yake. Ranar gwaji gidan Inna ya cika. Inji ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Guɗar ba ta sauka ba bel ya yi tsalle ya tsallake katanga ya faɗa garken awakin maƙwabta. Aka yi dariya, aka ɗauko, aka mayar. Ya sake fita. A karo na uku bai fita ba, tsinkewa ya yi.

Daga nan muka shiga kwanakin da ba na son tunawa. A sayo bel, ya yi rabin awa ya cinye ta gefe guda ya tsinke. Injin yana girgiza har ƙasa na amsawa, notuna suna kwancewa da kansu. Bakanike ya ce laifin mai walda ne. Na kira mijin ƙanwata a waya, ya ce shi abin da aka ba shi ya yi, kuma waldarsa ko mota ta taka ba za ta buɗe ba. Mai bel ya ce belinsa na asali ne, a binciki inji. Wani bakaniken da aka kawo ya zagi aikin na farko, ya kwance komai ya mayar, ya karɓi nasa ya tafi, abin bai canza ba. Wata tsohuwa ta ce baki ne, guɗar da aka yi ta yi yawa, aka turara wurin da hayaƙi. Kowa yana da wanda zai nuna, babu wanda zan riƙe in ce kai ne za ka gyara. Ɗan ragin da na yi ta alfahari da shi tuni ya narke a sayen bel da sallamar masu gyara, har ya fara cin abin da mata suka ware na sayen gyaɗa.

A nan ne na yi abin da ya fi cire gadon muni. Mata suka fara tambaya, kuma dole a samu mai laifi. In na ce gado ne, na jefa mijin ƙanwata a bakin mutane, ƙanwata kuma ta sha kunya a gidan aurenta. In na ce awo ne, na kashe kaina. Injiniya kuwa yana can Gusau, ba dangin kowa ba ne. Sai na ce injin ne ba shi da kyau, an yi mana rufa-rufa. Na faɗa sau ɗaya da ɗar-ɗar, na biyu ya fi sauƙi. Har wasu mata daga Karakkai, da ƙanwata ta ba su labari suka yi takakkiya don su gani su ma su saya, na tare su da wannan maganar. Suka yi mana jaje suka koma.

Ana cikin haka mako uku suka wuce. Ni hankalina yana kan inji da sunana, ban lura da abin da ke faruwa a cikin gida ba. Wata rana da hantsi na shigo gidan Inna, tun daga zaure na ji wani sauti da na sani tun ina goye, sautin muciya a cikin turmi. Na same ta a bayan ɗaki inda ba a gani daga tsakar gida. Ta ɗaure kafaɗar da tsumma, ta riƙe muciya da hannu biyu, tana juyawa tana cije leɓe, zufa na ɗiga daga haɓarta. Kafaɗar ta kumbura har ta fi ɗayar tsayi. Ashe tun makon farko ta koma, don masu ƙosai da mai tsiren bakin hanya sun yi ta aike, ita kuma ba ta iya cewa babu.

Na fizge muciyar na ce, "Inna, so kike ki kashe kanki?"

Ta zauna a kan kujera tana mayar da numfashi. Inna ba ta kiran sunana saboda ni ce ta fari, kuma ba ta ɗaga mini murya. Ta ce, "Ke 'yar nan, zamna in tambaye ki. Randa kinka gane shi Gusau, yana aiki?"

Na ce yana yi.

"Da idonki kinka ga mai ya hito?"

Na ce da idona.

Ta ce, "To mi ya canza tsakanin Gusau da Tsafe? Ni dai ban san inji ba, amma na san hanya ba ta lalata ƙarhe."

Ba ta jira amsata ba. Ta miƙa hannun hagu ta ce in ba ta muciyarta, tunkuza za ta huce. Na ƙi ba ta. Na tsaya na ƙarasa juyin da kaina, ina yi ina kuka, kuma kafin mai ya taso hannuwana sun mutu. Rabin turmi ke nan, ni da ƙuruciyata. Kunyar da na ji a bayan ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba.

Ko gida ban koma ba, na nufi tasha na hau motar Gusau. A hanya na shirya maganganu iri-iri, ina sauka duk suka watse. Injiniya na ganina ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Bel nawa ya ci?" Ban san lokacin da na ce ban ƙirga ba. Na faɗa masa komai, har da ƙyallen, har da abin da na ce a kansa. Ya ce wannan na ƙarshen ya riga ya iso kunnensa, don ɗaya daga cikin matan Karakkai ta taɓa zuwa tambaya, da ya neme ta daga baya sai ta faɗa masa dalilin fasawarsu.

Ya kai ni bayan rumfa. Ga gadonmu jingine da bango, an rubuta Tsafe a jikinsa da alli. Na ce ashe bai sayar ba. Ya ce, "In saida ma wa? Ramukan ga na injinku na. Sai da na zamnar da shi, na daidaita, na gwada, sannan na huda. Ba shi shiga na kowa." Sai a lokacin na gane cewa ragin da na yi ta ba da labarinsa ba daga farashi ya fito ba, daga aljihun bawan Allah ya fito, ya bar ni na tafi da shi don in daina damunsa.

Na mayar masa da abin da ya cire, daga kuɗina ba na mata ba. Na tambayi nawa zai ƙara na zuwa kafawa, ya ce wannan da ma yana cikin kuɗin farko, bai taɓa cire shi ba. Abu ɗaya ya nema. Ya ce, "Duk kunnen da kinka hwaɗa ma injina ba shi da kyau, ki koma ki hwaɗa mai gaskiya. Ni ba ni da allon talla, bakin mutane na tallata." Na ce na ɗauka.

Washegari da safe ya iso Tsafe da gadon a mota. Na sa an kira mijin ƙanwata shi ma ya zo, ya tsaya can gefe kansa a ƙasa kamar wanda za a yanke wa hukunci. Mata suka cika gida. Injiniya bai taɓa komai ba tukuna. Ya zaro zare daga aljihu, ya kafa shi a gefen faifan inji ya ja zuwa faifan na'urar niƙa, ya ce kowa ya matso ya gani. Zaren ya taɓa ɗaya, ya bar ɗayan da tazarar da ba ta wuce kaurin yatsa ba. Ya ce wannan 'yar tazarar ita ke cin bel, ita ke girgiza inji. Sannan ya ƙwanƙwasa shuɗin gadon da sifana ya ce waldar nan ta fi ta yaransa kyau, wanda ya yi ta ya san aikinsa, awon da aka ba shi ne ba daidai ba. Ya tsaya a nan bai ƙara ba, bai kuma kalle ni ba.

Da na so, da maganar ta mutu a wurin. Amma na ga Inna zaune da ɗaurarriyar kafaɗa, na ga mijin ƙanwata ya ɗago kai karo na farko. Na buɗe jaka na fito da ƙyallen na ɗaga sama, na ce ga injiniyan da ya yi awon. Na ja shi a gabansu ya miƙe, na sake shi ya koma. Wata ta tuntsire da dariya, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Inna ta yi dariya har tana riƙe kafaɗa tana cewa a bar ta haka nan. Na faɗa musu sauran, na garanti da na ƙaryar da na yi wa mutumin. Wannan ba a yi masa dariya ba, amma ba wadda ta tashi ta fita.

Kafin azahar ya gama. Kowane noti ya shiga raminsa ba gardama, mijin ƙanwata na miƙa masa sifana suna hira kamar sun daɗe da sanin juna. Inji ya tashi da wata murya daban, a kwance, ba girgiza. Ba wadda ta yi guɗa, kowa na kallon bel. Ya yi ta zagayawa a inda aka sa shi. Da mai ya taso a randa Inna ta sa aka kawo mata a ludayi, ta duba a hasken rana, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce ruwan zafin ya ɗan yi yawa. Injiniya ya ce ya ji, ita ce malama. Ya koya wa mata biyu, ya rubuta mana takardar garanti daga wannan ranar, ya ci tuwo ya tafi.

Alkawarin da na ɗauka na cika shi. Na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, sannan na je Bungudu na hau kabu-kabu zuwa Karakkai na nemi matan nan. Ba abu ne mai daɗi ba mace irina ta yi sallama a gidan mutane don ta ce ƙarya ta yi, amma kowane gida na fito sai in ji na fi sauƙi. Daga baya sun sayi nasu, a haɗe, ba su cire ko noti ba. Sau biyu namu ya yi ciwo a shekarar farko, kira ɗaya ake yi ya zo ya duba, babu mai tura mu wurin wani. Shuɗin gadon ma bai tashi a banza ba, a kansa muke jera jarkokin mai, kuma Injiniya ya riƙa ba mijin ƙanwata wasu ayyukan walda, da awo a rubuce.

Yau sana'ar ta kafu. Inna tana zama a kan kujerarta kusa da inji tana ba da umarni, ba a sauke tunkuza sai ta murza ta a yatsa ta ce ta yi. Ba ta sake riƙe muciya ba, ciwon ma ya lafa, tana barcinta lafiya. Sai dai makonni ukun nan sun tafi da abin da ba su dawo da shi ba. Hannunta na dama ba ya wuce kafaɗa. Kullum da safe nakan biya in ɗaura mata kallabi, tana zaune tana yi mini tsiya wai ɗaurina na 'yan birni ne, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ni na jawo ba.

Har gobe ina ciniki, kuma har gobe masu shaguna suna gyara zama in sun hango ni. Amma na koyi cewa akwai kayan da darajarsu ba a cikin guntayensu take ba, tana cikin yadda aka haɗa su da kuma mutumin da ya yarda ya tsaya a bayansu. Irin waɗannan in mai su ya faɗi gaskiyar kuɗinsu, biya nake yi in yi godiya. Na kuma koyi cewa in an aike ni sayayya, kafin in buɗe baki in nemi ragi sai na tambayi kaina wa zai biya shi, domin wancan karon ni na ci daɗin labari, Inna ce ta biya da hannunta.